Renon 'ya'yan mage da jinyar magen titi bayan tiyata

Kin tambaya ko za ki iya haɗa renon jariran mage da jinyar magen titi da aka yi wa tiyatar hana haihuwa. Za ki iya, amma ki raba musu ɗaki.

Jariran su ne aiki. Kafin sati 4 ba sa iya ɗumama jikinsu, don haka ɗumi tukuna, sannan madarar da aka yi musamman don jariran mage, duk awa 2 zuwa 3, suna kwance rubda ciki. Madarar shanu gudawa take sa su. Bayan ci, ki shafa gindinsu da tsumma mai ɗumi su yi fitsari.

Ta titin kuwa, ki bar ta a keji, a lulluɓe, kwana 1 zuwa 2, kada ki kai hannu. Bayan nan ki mayar da ita inda aka kamo ta. Jini, amai ko kasa farfaɗowa, maza wurin likitan dabbobi.