Amsa: Harajin sayar da tsohon firji a Facebook

Malam, ka tambaya ko za ka biya VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, idan ka sayar da tsohon firjinka a Facebook. A'a. Kashi 7.5 ɗin da ake karɓa tun 2020 na 'yan kasuwa masu rajista ne, kai kuwa kayan ɗakinka ka fitar. Sai dai in ka mai da gwanjo sana'a har ciniki ya yi kauri.

Abin da ke cin kuɗi shi ne kai kaya. Bara na sayar da janareta daga Bauchi zuwa Gombe: kuɗin mota, ɗan dako a tasha, cajin mai POS, ga naira 50 da banki ke cira in kuɗi sun kai 10,000. Kai da mai saye ku yanke wanda zai biya mota tun kafin ka ce "na sallama".