Tambaya da Amsa: Ina zan kai yara yawo su ga gari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah shawara nake nema. An yi wa yarana hutu, kullum suna kan waya, ni kuma na gaji da kai su gidan zu da wajen lilo. So nake mu fita daga Kano mu je wani ɗan ƙaramin gari mu ga wani abu mu dawo a ranar, babansu ne zai ja mota. Ina kike ganin ya dace?
Maman yara, daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni dai in ta ni ce, ku je Birnin Kudu a Jigawa. Titin Maiduguri za ku hau, ku bi ta Wudil, ku wuce Kwanar Huguma ku miƙe, in kun yi sammako kafin rana ta yi zafi kun isa. Amma kar ku saka tafiyar ranar Juma'a, kasuwar Wudil ke ci, motocin shanu kawai sun isa su cinye muku safiya.

Abin da zai kai ku garin duwatsu ne. Akwai Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, a jikinsu akwai zanen da mutanen da can suka yi da jan launi, yawanci shanu, kuma abin da nake so ki sa yaran su lura da shi shi ne wasu shanun ba su da tozo, ga dogayen ƙaho, ba irin fararen shanun da muka saba gani Fulani na kiwo yanzu ba. Ki tambaye su me ya sa, ki bar su su yi ta gardama, wallahi ya fi darasin aji.

Gaskiya zan faɗa miki tun yanzu, zanen ya dusashe, wani sai an nuna miki da yatsa sannan idonki zai kama. Don haka kar ku je ku kaɗai kuna lalube. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da ofis a garin saboda waɗannan zane-zanen, ku fara zuwa can a haɗa ku da wanda zai zaga da ku, in kun gama a yi masa ihsani.

Inda yara za su rikice da murna kuwa shi ne wajen duwatsu masu ƙara. Ka ɗauki ƙaramin dutse ka ƙwanƙwasa babban sai ya amsa kamar kuge, nan sauti daban can sauti daban. Wani Baturen Ingila Bernard Fagg, mai binciken kayan tarihi, shi ya ci karo da su a 1955 ya fara wallafa labarinsu a 1956, amma mutanen garin ai sun riga shi sani, a da har al'adun biki ana haɗawa da su.

Roƙona ɗaya, kuma da gaske nake, kar a bar yaro ya taɓa zanen, kar a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kar a rubuta suna da gawayi ko alli a jikin dutse. Abin yana min ciwo, abu ya daɗe haka yana nan sannan mu mu zo mu goge shi da hannunmu.

Ku sa takalmi sau-ciki, silifas santsi yake a kan dutse, ku ɗauki ruwa da yawa da hula, abinci ma gara ki dafo daga gida. Ku gaida mutanen unguwa kafin ku hau, kuma kar a ɗauki kowa hoto sai an nemi izini.

In lokaci ya rage, a hanyar dawowa ku ratsa ta Dutse ku leƙa Garu inda tsohuwar fadar sarki take a tsakanin duwatsu, ku sayi dabino, ku kama hanya da la'asar don kar magariba ta riske ku a titi da yara. Allah ya kiyaye hanya.