Likita ya rubuta wa Hajiya kayan lambu: zai taɓa takardunta?

Tambaya: Barista, ina zaune a Bronx ta birnin New York. Shekara uku ke nan da na kawo mahaifiyata Amurka, tana da katin zama na dindindin. Shekarunta 68, tana fama da ciwon suga. Asibiti sun ba ta takardar karɓar kayan lambu da 'ya'yan itace kyauta, amma mutanen masallacinmu sun ce kada ta kuskura, zai ɓata mata takardu. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ya kamata ta karɓa.

Irin wannan takarda ta samu gindin zama ne a dokar noma ta 2018, ƙarƙashin shirin GusNIP na ma'aikatar noman Amurka, don masu ƙaramin ƙarfi da ke da ciwon da abinci ke da hannu a ciki, kamar suga da hawan jini. A New York kuma, tun Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta amince Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, ta biya wasu buƙatun abinci. Ka tambayi asibitin ko wane ne ke biyan nata.

Tsoron mutanen masallaci yana da tushe, ba zan ce sun yi ƙarya ba. Akwai ƙa'idar da ke duba ko baƙo zai zama nauyi a kan gwamnati. A 2019 aka faɗaɗa ta har ta haɗa da SNAP (tallafin sayen abinci na gwamnati) da Medicaid, a 2021 aka jingine wannan, sai ƙa'idar Disambar 2022 ta taƙaita ga tallafin tsabar kuɗi da doguwar jinya a gidan kula da marasa lafiya. Abu ne da ke sauyawa da sauyin gwamnati. Sai dai ana ɗora wannan ma'auni ne a kan mai neman katin zama ko neman shigowa ƙasar. Hajiya katinta na hannunta, kuma ba a amfani da wannan ma'auni wajen neman zama 'yar ƙasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tafiya. Tsofaffinmu in suka je gida ganin jikoki, sai wata bakwai su wuce ba su ankara ba. Duk mai katin zama da ya haura kwana 180 a waje, ana iya ɗaukarsa mai neman shigowa sabo, a nan ne za a iya tayar da maganar tallafi. Ka lissafa mata kwanaki kafin ka yanki tikiti.

Sai kai. Ka riga ka sa hannu a takardar I-864 cewa za ka ɗauki nauyinta, kuma hukuma na da damar neman ka mayar da kuɗin tallafi irin SNAP. Ita SNAP ɗin ma, dokar 1996 ta ce mai katin zama sai ya cika shekara 5 kafin ya cancanta, don haka kada ku cika mata fom yanzu.

Abin da ba ya jiran shekara 5 shi ne abincin cibiyoyin tsofaffi, wanda dokar 1965 ta tanadar wa duk mai shekara 60 zuwa sama ba tare da duba aljihunsa ba. In kuwa Medicaid ce ke biya aka yanke mata, a New York kuna da kwana 60 ku nemi a saurari ƙorafinku. Ajiye wasiƙar da ambulan ɗinta, daga kwanan watan da ke jiki ake fara ƙirga.