Fatawa: Hukuncin Haɗa Kuɗi a Gasar Fantasi ta Firimiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ni mai sayar da wayoyi ne, ina zaune Mabera cikin Sakkwato. Muna da guruf na WhatsApp inda muke buga Fantasy Premier League, ni ne admin. Bana da Firimiya za ta fara munka shirya mu 40 kowa shi aza naira 5,000, ya kama 200,000. In an kai ƙarshen kaka na ɗaya shi ɗauki 100,000, na biyu 50,000, na uku 30,000, sauran 20,000 nawa ne na wahala da data. Mutum 26 sun riga sun turo nasu. Sai wani abokinmu ya ce wanga caca ce, ya fita. Wasu sunka ce ba caca ba ce tunda ilimi ne da lissafi, ba sa'a ba, kuma kowa da yardarshi ya ba da, kamar adashi. Malam, mine ne hukunci? In haramun ne yaya za ni yi da kuɗin da ke hannuna, kuma akwai hanyar da za mu ci gaba da wasan?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin a buga wasan farko. Abokinka da ya fita shi ne a kan daidai. Tsarin da kuka shirya caca ce, haramun ne shirya shi, haramun ne shiga cikinsa, kuma abin da aka ci a ciki ba ya halatta. Amma wasan a kan kansa hukuncinsa daban ne, don haka sai mu raba su.

Malamai suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar surarsa, to ga surar saboda masu karatu da ba su san shi ba. Mutum yana buɗe asusu kyauta, a ba shi fam miliyan 100 na lissafi kawai, wanda ba ya ciruwa ba ya kasuwa. Da su zai zaɓi 'yan wasa 15 daga ƙungiyoyin Firimiya 20: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba zai ɗauki fiye da 3 daga ƙungiya ɗaya ba. Daga nan sai ya jira abin da za su yi a fili a can Ingila. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya ba da aka ci maki 3. Jan kati a cire 3, ɓarar da fenariti a cire 2. Wanda ka naɗa kaftin makinsa ninki biyu ne. Haka za a yi ta tarawa zagaye 38, daga Agusta zuwa Mayu.

A wannan surar babu dukiyar kowa da ta motsa. Saye da sayarwar 'yan wasa da ake yi a ciki suna ne kawai, ba ciniki ba ne balle a nemi sharuɗɗan ciniki. Hasashen wanda zai ci ƙwallo kuma ba da'awar sanin gaibu ba ne, kirdado ne a kan abin da aka saba gani. Asalin wasanni halacci ne matuƙar babu nassin da ya hana, kuma ba su kai ga barin wajibi ko aikata haram ba. Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da mashi a cikin masallacinsa. Akwai malaman da suka ƙi wannan wasa ko babu kuɗi, suna kiyasta shi da nardu, wato wasan ɗan lido, wanda hadisi ya hana, wanda kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce bai halatta ba shi da shaɗaranji. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ban ga kiyasin ya cika ba. Abin da nake gani shi ne lagawu ne da aka yi rangwame a kansa, yana zama makaruhi in ya yi yawa, ya zama haram in ya ci salla ko haƙƙin wani.

Matsalar tana cikin naira 5,000 ɗin nan. Ma'anar caca a wurin malaman fiƙihu a taƙaice take: kowane ɗan takara ya sa dukiyarsa, ya shiga yana tsakanin ya ci ta wasu ko a ci tasa, bisa wani sakamako da ba a sani ba lokacin da aka sa. Auna tsarinku da wannan. Mutum 40 sun zuba, 3 za su kwashe, 37 za su tashi hannu rabbana, kuma 100,000 da na ɗaya zai karɓa ba daga sama ta faɗo ba, daga aljihun waɗannan 37 ta fito. Allah Maɗaukaki ya haɗa caca da giya da gumaka da kiban ƙuri'a a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce ku nisance su. Canza mata suna zuwa kuɗin rajista ko gudummawa bai taɓa komai ba, tunda kuɗin dai su ne kyautar.

Hujjar da samari suka fi riƙewa ita ce ta ilimi, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Lallai wanda ke bin labarin wanda ya ji rauni da jadawalin wasanni yakan fi wanda ya zaɓa da ka. Sai dai Shari'a ba ta rataya haramcin a kan rashin gwaninta ba, ta rataya shi a kan yadda dukiya ke fita daga hannu zuwa hannu. Wace gwaninta ce ta kai ta sukuwar doki da harbin kibiya? Su ne ma aka keɓe a hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito, cewa babu kyautar tsere sai a kibiya ko raƙumi ko doki, saboda tanadin jihadi ne. Duk da haka, a cikin waɗannan ukun ma Imamu Malik bai yarda mahaya biyu su zuba kuɗi wanda ya tsere ya kwashe ba. Abin da ya halatta a wurinsa, kamar yadda Risala ta kawo, shi ne mutum ɗaya ya fitar da kyautar: in wani ya tsere masa ya ɗauka, in shi ya tsere kyautar ta tafi ga mai bi masa, ba ta komawa aljihunsa. Wasu malamai, irin su Sa'idu bn Musayyib, sun yi sauƙi in an shigo da mahayi na uku da bai sa komai ba, Malik bai karɓi wannan ba. To in an tsananta haka a kan doki, wanda mahayinsa shi ne ya yi kiwonsa ya hore shi ya hau da kansa, ina ga wanda ke kwance a ɗaki a Mabera yana jiran abin da ƙafar Haaland za ta yi a Manchester?

Nan ne ma tsarin naku ya fi tseren muni. Ba ku ne ke bugawa ba. Kun sa kuɗi a kan aikin wasu mutane da ba su san da zamanku ba, kuma babu abin da za ku iya yi ku canza shi. Ka naɗa kaftin ranar Juma'a da dare, ranar Asabar koci ya ajiye shi a benci, ko ya dafe cinya a minti na 10 ya fita, ko na'urar VAR mai taimaka wa alƙalin wasa ta soke ƙwallonsa. Ina ilimin ya tafi? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 14 a Doha cikin 2003, ta yanke cewa gasa mai kyauta tana halatta ne da sharaɗin kada kyautar ta fito daga dukkan 'yan takara, ta kuma ce sa kuɗi tsakanin mutane a kan sakamakon aikin wasunsu haramun ne. Tsarinku ya faɗa cikin duka biyun.

Batun yarda kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Mai karɓar bashin riba ma da yardarsa yake sa hannu. Ayar Suratun Nisa'i ta 29 da ta ambaci yarda ta ɗaura ta ne a kan fatauci, bayan ta hana cin dukiyar juna da ɓarna. Kuma kada a ɓata sunan adashi: a adashi in ku 40 ne kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba, bambancin kawai wani ya riga wani. A naku wa zai mayar wa na 17 da 5,000 ɗinsa?

Kai kuma admin, naka ya fi na kowa nauyi, kada ka ga kamar kana gefe. Kai ka kira mutane, asusunka ne ake turawa, kai za ka raba. Allah ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Naira 20,000 da ka ware wa kanka lada ce a kan aikin haram, ba ta halatta. Wace wahala ma? Manhajar ce ke lissafa maki, kai lambar shiga kawai ka tura. Sannan ka yi wa kanka adalci: kuɗin mutane su kwana wata tara a asusun ɗan kasuwa, ranar da kaya suka sauka da araha kana ganin hannunka ba zai kai gare su ba? Aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta faɗi abin da Shaiɗan ke nema da caca, wato ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku, ya kange ku daga ambaton Allah da salla. Gabar takan fito ne wajen Maris da Afrilu, lokacin da tazara ta buɗe. A nan ake jin wane ya buɗe ƙungiya ta biyu da sunan ƙanensa, wane bai gama biya ba amma yana kan gaba, wane ya ce a ba shi kuɗinsa ya fasa. Mutanen da suke sahu ɗaya a masallacin unguwa sai ka ga an daina gaisawa.

Abin da za ka yi da kuɗin mutum 26 a fili yake. Ka mayar wa kowa nasa cif, ta hanyar da ya turo, yau ba gobe ba, ka kuma rubuta a guruf dalilin da ya sa. In wani ya ce ya bar maka, ka ce ya karɓa tukuna. Sannan ka yi sadaka da abin da ya sauwaƙa daga dukiyarka, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Saƙon gayyatar da ka tura shi ne wannan kiran. In a kakar bara an yi irin wannan, wanda ya ci ya tuba, ya riƙe abin da ya zuba kawai, ya mayar da ragowar ga masu shi tunda an san su. Wanda aka neme shi aka rasa, a yi sadaka da rabonsa da niyyar ladan ya je gare shi.

Hanyar ci gaba mafi tsabta ita ce ku yi gasarku babu ko kwabo, wanda ya zo na ɗaya ya sha kirari. Ku lura da ƙananan ƙofofi da cacar ke dawowa ta cikinsu: naira 500 ta gwarzon mako, ko sharaɗin cewa na ƙarshe zai sayi tsire da lemo ga kowa. Duk hukuncinsu ɗaya ne da na 5,000, ƙanƙantar kuɗi ba ta canza shi. Haka nan cewa za a ba marayu wani kaso daga cikin tarin ba ya wanke sauran.

Saura in wani daga waje, wanda ba ya cikin gasar, ya ce shi zai ba na ɗaya waya ko kuɗi daga aljihunsa. Wannan ba caca ba ce, domin babu wanda zai yi asara, da sharaɗin kada a ce sai wanda ya sayi kaya a shagonsa ko ya biya wani abu zai shiga. A irin wannan tsari ake gudanar da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta faro a 1986: masu karatu ba sa zuba kuɗi a ba wanda ya fi, kyautar daga wasu take zuwa. Sai dai kada a haɗa su a daraja. Malaman da suka faɗaɗa hadisin tsere, irin su Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim, sun faɗaɗa shi ne zuwa abin da ke ƙarfafa addini kamar ilimi. Mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ta tsaya a kan ukun nan, ta ce sauran gasanni a yi su kyauta. Saboda haka ba zan ce wa wanda ya karɓi irin wannan kyauta ya ci haram ba, amma ba zan ba wani mai hali shawarar ya sa dukiyarsa a nan ba, kuma barinta ya fi kusa da tsentseni.

Ko babu kuɗi, akwai abin da nake so ka sa wa ido a matsayinka na shugaba, shi ne agogo. A Agusta da Satumba lokacinmu ɗaya da Ingila, wasan ƙarfe 3 na Asabar yana cikin gudana za a kira La'asar. Daga ƙarshen Oktoba suna mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, sai wasan ya koma ƙarfe 4 namu, daidai lokacin da ake tayar da salla a yawancin masallatan Sakkwato, na 5:30 nasu kuma ya koma 6:30, a kan Magariba. Mai Fantasi ya fi mai goyon ƙungiya ɗaya shiga haɗari a nan, domin shi kusan kowane wasa yana da ɗan wasa a ciki, ba shi da wasan da zai ce wannan ba nawa ba ne. Wanda ya san liman zai yi kabbara shi yana gidan kallo, ko yana sahu zuciyarsa na lissafin makin kaftin, to a kansa wasan ya haramta har sai ya gyara. Ka kuma hana tura tallan kamfanonin caca da lambobin tikiti a guruf ɗin, ka cire wanda ya ƙi ji, domin yaron da ya saba hasashen wanda zai ci ƙwallo taku ɗaya ya rage masa ya fara sa kuɗi a kai. Zagi da gorin da ke kai ga iyaye shi ma ka tsawatar.

In ka mayar da kuɗin wasu suka yi fushi suka buɗe nasu guruf mai kuɗi, kada ka shiga, kada ka ba su aron asusunka, kada kuma ka tura musu mutane.

Wallahu a'alam.