Na tsinci kuɗin Jamus ta Gabas a akwatin Baba, za su canzu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Marigayi mahaifinmu ya yi karatu a Leipzig a shekarun 1980, muna gyara akwatinsa sai na ci karo da wata takardar kuɗi shuɗiya ta 100 da hoton wani dattijo mai gemu, an rubuta DDR. Banki zai canza min ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Dattijon nan Karl Marx ne, kuɗin kuma na Jamus ta Gabas ne, ka juya bayanta za ka ga wani titi a birnin Berlin da dogon hasumiyar talabijin. Amma gaskiya kar ka sa rai, ba bankin da zai amsa. Tun 1 ga Yuli 1990 aka kashe kuɗin, mutane suka canza zuwa kuɗin Jamus ta Yamma, babba wanda bai kai shekara 60 ba ana ba shi ɗaya da ɗaya har 4,000, abin da ya haura kuma biyu a ɗaya, daga nan aka rufe ƙofa.

Inda jama'a ke rikicewa shi ne, Deutsche Mark ta Jamus ta Yamma har gobe Bundesbank, babban bankin Jamus, na canza ta, 1.95583 a yuro ɗaya. Taka ba ta cikin wannan layin.

Abin dariyar ma, da aka tattara takardun ba ƙona su aka yi ba, jibge su aka yi cikin wani rami ƙarƙashin dutse kusa da garin Halberstadt, kusan tan 3,000, aka toshe bakin wai danshi ya ruɓar da su a hankali, ashe takardar ta fi ƙarfin danshin. A 2001 wasu samari biyu suka kutsa suka kwaso, har da 'yan 200 da 500 waɗanda aka buga a 1985 amma ba a taɓa sakinsu kasuwa ba, to sai a 2002 aka tono komai aka cinna musu wuta.

Masu tara tsofaffin kuɗi suna saya, sai dai ɗarin Marx tana da yawa a hannun mutane, ba wani abin kirki za ka samu ba sai in sabuwa ce fil ba ninki. Kar ka goge ta da dutsen guga, kar ka manna mata salatif. Ni da ni ne, albam zan sa ta kusa da hoton Baba.