Zan Fara Haɗa Kwamfuta Ina Sayarwa, Wane Madabod Zan Saro?

Wani ɗan kasuwa daga Zariya ya aiko mini da tambaya. Shekara shida ke nan yana sayar da laftof na hannu da caja da ƙananan tarkacen kwamfuta. Yanzu masu shagunan buga takardu da samari masu tace bidiyon biki sun fara tambayarsa kwamfutar tebur wadda za a haɗa musu daidai da aikinsu. Ya ware naira miliyan 5 don wannan. Ana cikin haka wani dila a Legas ya yi masa tayin madabod 20 (faifan da ake ɗora duk kayan cikin kwamfuta a kansa, a taƙaice bod), iri daban-daban, a farashi mai sauƙi, amma da sharaɗin ya kwashe duka. Yana tambaya: ya kwasa? In kuma a'a, wane iri zai saro?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya kuma ƙara buɗi.

Kada ka kwasa. Na san farashin ya kwanta maka, amma madabod ba irin caja ba ne da za ka rataye a shago wani ya zo ya biya ya tafi da abinsa. Duk bod ɗin da ka ajiye a kanta bashi ne ka ɗora wa kanka: yana bin ka furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) irin tasa, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) irin nasa, wani lokaci har da fanka da akwati irin nasa. In iri goma ne a cikin kwalin nan, to hanyoyi goma ka buɗe wa kuɗinka, kuma miliyan 5 ba za ta cike su ba. Abin da zai faru shi ne ka haɗa uku ko huɗu, sauran su zauna suna shan ƙura har zamaninsu ya wuce.

Mai haɗa kwamfuta ba daga bod yake farawa ba. Daga mutumin da zai zauna gabanta yake farawa. Me zai yi da ita? Word da Excel da CorelDraw ne, ko Premiere Pro ne da bidiyon awa biyu? Amsar nan ita ke zaɓar furosesa, furosesa kuma ita ke zaɓar bod. Wanda ya juya wannan tsari yakan biya kuɗin makaranta da jarinsa.

Wurin da furosesa ke zama a kan bod shi ake kira soket, kuma a nan sababbin shiga suka fi faɗuwa. Na taɓa shiga shagon wani matashi na tarar ya yi tagumi, bod biyar masu cifset H110 (cifset shi ne guntun da ke tafiyar da bod, da lambarsa ake gane irin bod ɗin) jere a gabansa, ga furosesa Core i5-8400 guda biyar. A takarda duk soket LGA1151 aka rubuta. Furosesar ta zauna daram a cikin soket, an rufe, an kunna, shiru. Ya canza RAM, ya canza wayar allo, ya cire batirin CR2032 ya mayar, duk a banza. Dalilin shi ne Intel ta yi amfani da sunan LGA1151 sau biyu: furosesocinta na zubi na 6 da na 7 suna tafiya da cifset na jerin 100 da 200, zubi na 8 (inda i5-8400 take) da na 9 kuma sai jerin 300, irin su H310 da B360. Rami ɗaya ne a ido, amma ba sa jituwa. Sai da ya karyar da bod ɗin nan ya sayar da asara. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, ASUS ne ko Gigabyte ko MSI ko ASRock, ka nemo jerin furosesocin da wannan lamba takamaimai ke ɗauka. Minti biyar ne a waya.

Ina kyautata zaton a cikin kwalin dilan nan akwai bod masu cifset H61 da H81 da yawa, domin su suka fi yawo a kasuwa. H61 na soket LGA1155 ne, tun 2011. H81 na LGA1150 ne, tun 2013. Ba wai sun daina aiki ba, kuma masu gyara suna nemansu jefi-jefi. Amma ka san cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen ta kamfanin AMD daga jerin 2000. Akwai dabarun tsallake wannan sharaɗi, na sani, yaran shago ma sun iya. Sai dai kai suna kake son ginawa. Ranar da makaranta ko ofis ya gane ka sayar masa da "sabuwar" kwamfuta a kan tsohon tushe, ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa wasu.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan muhimmanci a lissafi. A ƙasan kasuwa, wato mai neman kwamfutar buga wasiƙa mafi araha, ba za ka iya gogayya da HP da Dell na hannu da ake shigowa da su a haɗe ba. Kuɗin da za ka kashe kan akwati da fawa-fak (mai raba wa kayan ciki wuta) da bod kaɗai yakan kusa kamo kuɗin tasu gaba ɗaya. Bar musu wannan fili, ko ka saro su ka sayar yadda suke. Kuma kada ka yarda a haɗa maka da bod ɗin da aka ciro daga cikinsu, domin da yawansu ramukan kusoshi da mahaɗar wutarsu na kamfanin ne kawai, ba sa shiga akwatin kasuwa. Kasuwarka tana farawa ne daga inda waɗannan suka gaza: mutumin da ke son RAM mai yawa, katin girafik (mai sarrafa hoto da bidiyo) na gaske, da damar ƙara abu bayan shekara.

Ni da ni ne, layi biyu kacal zan riƙe.

Na farko AM4 na AMD. Wannan soket ya fito tun 2016, kuma har 2024 AMD tana fitar masa da sababbin furosesoci, abin da ya sa kayansa suka wadata, sabo da na hannu. Bod mai A520 ko B450, da Ryzen 5 5600G, da RAM DDR4 gig 16, da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) irin NVMe: wannan haɗi zai ɗauki shagon buga takardu, da mai zanen fosta, da ofishin lauya, ba tare da katin girafik ba, domin harafin G ɗin nan yana nufin girafik na cikin furosesar. Ga wata ƙaramar dabara da za ta rage maka kashe kuɗi: 5600G a PCIe 3.0 ta tsaya (PCIe ita ce hanyar da furosesa ke magana da kati da SSD), don haka in ka ɗora ta a kan B550 saboda saurin PCIe 4.0, ka biya kuɗin abin da ba za ta taɓa amfani da shi ba.

Na biyu LGA1700 na Intel, wanda ya fito a ƙarshen 2021 yake ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14. H610 da Core i3-12100 sun isa aikin ofis har da ragowa. Amma H610 galibi ramin RAM biyu gare shi da gurbin M.2 guda, wato na SSD, saboda haka mai tace bidiyo ka hau da shi B660 ko B760, mai rami huɗu da gurbin SSD biyu ko fiye, ka haɗa da Core i5. Yau zai ce gig 16 ta ishe shi. Bayan ya karɓi aikin biki uku a mako ɗaya, kai zai dawo wa neman ƙari, kuma wannan dawowar riba ce in ka bar masa gurbi. Ka lura sosai, bod ɗin LGA1700 kashi biyu ne, mai DDR4 da mai DDR5, kuma babu mai karɓar na ɗan'uwansa. Duba kwali, galibi za ka ga D4 ko DDR4 a jikin suna. Tsaya a kan DDR4 a layukan biyu, sai ya zama RAM iri ɗaya kake ajiyewa.

Sai harafin F. Core i5-12400F ta fi 12400 araha saboda ba ta da girafik a ciki. In ka ɗora ta ba kati, ramin HDMI da ke bayan bod ado ne kawai, allo ba zai kawo ba. Haka Ryzen 5 5600 da 3600 marasa G. Ga masu bidiyo ma, ni na fi son marar F ko da akwai kati, domin girafik ɗin Intel na ciki yana da Quick Sync da ke taimaka wa Premiere wajen sarrafa bidiyo, kuma ranar da kati ya samu matsala aiki ba zai tsaya cik ba.

AM5, wanda ya fito a 2022 kuma DDR5 kawai yake ci, da LGA1851 na 2024, da manyan bod irin Z790 da X670, duk kayan oda ne. Wanda ya nema ya ajiye kuɗi ka kawo masa. Kada ka sa jarinka a ciki yanzu.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, bod mai tsada ba ya ƙara wa kwamfuta gudu yadda mutane ke zato. Furosesa ɗaya a kan B760 mai sauƙi da kan Z790 mai fitilu kala-kala kusan aiki ɗaya za ta yi a hannun kwastomanka. Abin da bod ke yankewa shi ne ko kwamfutar za ta dawo shagonka a kan babur da rana tsaka. Dubi gefen soket, za ka ga ƙananan ƙullutu baƙaƙe a jere. Su ke tace wutar da furosesa ke sha, ana ce musu VRM. A bod mai kyau akwai ƙarfe a kansu mai ɗebe zafi, a mai araha tsirara suke. Ga i3 ko 5600G ba damuwa. Amma ka ɗora i7 a kan tsiraran bod, a shagon da ba AC, cikin zafin Afrilu na Zariya, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, sai ka ga inji yana rage gudu da kansa ko ya ɗauke ana tsakiyar fitar da bidiyo. Kuɗin da za ka kashe kan fitilu, mayar da shi kan fawa-fak na kamfani sananne. Yawancin bod da ake cewa "ya ƙone" a ƙasar nan, wuta ce ta dawo da ƙarfi ko janareto ya yi tari, fawa-fak na jabu kuma ya buɗe mata ƙofa.

Girma ba ya buƙatar dogon bayani. Micro-ATX, santimita 24.4 kowane gefe, ya fi araha kuma yana shiga ƙaramin akwati da babba. Shi za ka riƙe. Sai ka leƙa bayansa: kwastomominka da yawa tsohon allo mai VGA gare su, to ka tabbata akwai ramin, ko ka sa kuɗin mahaɗa a lissafi.

Yanzu maganar saye daga nesa, wadda in ba a yi hattara ba sayen kifi a ruwa ce. B450 da ya daɗe a sito ba zai tashi da 5600G ba sai an sabunta BIOS (manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta), haka H610 ko B660 na farko-farko da zubi na 13. Wasu bod suna da maɓallin sabuntawa ba tare da furosesa ba, Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus, ASUS kuma BIOS Flashback, amma masu araha da yawa ba su da shi. Saboda haka ka ce wa dila ya ɗora furosesar ya kunna, ya ɗauko maka bidiyo har allon BIOS ya bayyana, lambar siriyal tana fitowa a ciki, kafin a kai tasha. In kai za ka sabunta, kada ka fara sai kwamfutar tana kan UPS. Wuta ta ɗauke a tsakiya, bod ya zama katako. Da kaya sun iso, kafin komai, ɗaga murfin soket na Intel ka haska fitilar waya a karkace. Filoli 1,700 ne a ciki, sirara kamar gashi, duk sun kwanta gefe guda suna ƙyalli iri ɗaya. In ka ga wuri ɗaya ya yi duhu ko ƙyallinsa ya bambanta, fil ya lanƙwashe, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. Ɗauki hoto a take ka tura. Sannan ka gwada bod a kan kwalinsa, da RAM ɗaya, kafin ka ɗaure shi a akwati.

Game da miliyan 5 ɗin, haɗa kwamfuta biyu na gwaji, ɗaya ta ofis ɗaya ta bidiyo, ka ajiye su a kunne a shago mutane su taɓa. Ajiye bod ɗaya na ko-ta-kwana a kowane layi, domin wanda injinsa ya tsaya ba zai jira mota daga Legas ba. Sauran kuɗin su zauna a hannu. Duk mai oda ya ba da kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan, ko aƙalla kashi biyu cikin uku. Farashi kuma ka yanka shi da abin da za ka biya in za ka sake sarowa yau, ba abin da ka biya wancan watan ba. Duk wanda ke kasuwa lokacin da aka saki naira a Yunin 2023 ya ga yadda dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ya kuma ga waɗanda suka sayar da "riba" suka kasa mayar da kaya kanta. Kuɗin aikin hannunka ka rubuta shi daban a rasit. A ce ribarka naira 40,000 ce a kowace kwamfuta, bod kuma 90,000: bod ɗaya da ka biya daga aljihunka ya cinye ribar biyu har da ɗoriya. Don haka a rubuta a rasit wata nawa garantinka, a kuma rubuta cewa ba ya ɗaukar ɓarnar wuta ga wanda ba ya amfani da UPS ko sitabilaiza. Ka sa ɗayansu cikin lissafin tun farko, kwastoma ya cire da hannunsa in ya ga dama.

Shi kuwa dilan, kira shi ka ce ya turo maka lambar kowane bod cikin 20 ɗin. In akwai A520, B450, B550, H610, B660 ko B760 na sanannun kamfanoni, zaɓi biyu ko uku, ya gwada su a bidiyo, ya ba ka mako guda na mayarwa a rubuce. In ya ce sai dai duka ko babu, yi masa godiya, ka ce wani jiƙon.