Sitiyarin da ba shi da sanda

Tambaya: Malam, ni makanike ne a Ringim. Na ji an ce akwai motar da sitiyarinta ba ya haɗe da tayoyi. Ina kuma da wata dabara a kan sitiyarin tarakta. Yaya ake binciken irin wannan kafin a ba mutum takardar mallakar ƙirƙira?

Amsa: Malam makanike, abin da ka ji gaskiya ne. A irin wannan mota, na'ura ce ke auna yadda direba ya murɗa sitiyari, ta aika wa kwamfuta, ita kuma ta umarci injin lantarki ya juya tayoyi. Motar Infiniti Q50 ta fito da wannan tsari a 2013, amma ta bar sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyi don ko-ta-kwana. Cybertruck ta Tesla kuwa, ta 2023, ba ta da sandar sam.

A Amurka, mai bincike na ofishin ba da takardar mallakar ƙirƙira zai tono tsofaffin takardu ya ga ko wani ya riga ka, sannan ya duba ko dabarar taka abu ce da duk gwanin sana'ar zai iya hangowa da kansa. Nan ne da yawa ke faɗuwa. Cewa "na sa wayar lantarki maimakon sanda" ba zai kai ka ko'ina ba, sai ka nuna, misali, sabuwar hanyar riƙe mota idan lantarki ya ɗauke.

A Najeriya, dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 ta sa ofishin rajista na Abuja duba cikar takardu kawai. Kariyar da takardar ke bayarwa ta shekara 20 ce. Kada ka nuna dabarar a kasuwa kafin ka shigar da takardunka.